Zuwa Gaya Cin Waken Yaya Hajo

Yamai, kafin asuba

Ƴan'uwana na Zabori mazauna Yamai, tunda duk wanda ya leƙo butik, wato shagona, sai ya tambaye ni yadda na ƙare da Yaya Hajo, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Na bar gida ranar Talata tun ba a yi kiran sallar farko ba. Kayana jaka ɗaya, turmin atamfa na Yaya, sai buta biyu. Maiɗakina Hadiza ta ce, "Malam, buta biyu? Talla za ka?" Na ce ɗaya tana iya fashewa a hanya.

Wanda bai san larurata ba, ga ta. Shekaru ke nan cikina ba ya shawara da ni. Yau ya kumbura kamar ganga, gobe ya yi ta murɗa har sai na zagaya sannan ya lafa. Wani sati zawo, wani satin ko na tsuguna har ƙafafuna su mutu ba abin da ke fita. Likita ya yi analiz na jini da bayan gida, ya yi eko, wato hoton ciki, ya ce babu tsutsa babu gyambo, hanjin ne kawai mai saurin fushi. Ya ce in guji wake da nono da barkono, in kuma rage damuwa. Ukun farko na iya. Damuwa kuwa, tun ranar nake damuwa da yadda zan rage ta.

Bara, wurin sunan jikarta a Gaya, Yaya Hajo, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ta zubo mini shinkafa da wake da hannunta. Na ce na ƙoshi. Yaya mutum mai furfura zai tsaya bayanin zawo gaban surukai? Kafin in iso Yamai magana ta riga ni, wai Issufu na tsoron yayarsa ta yi masa sammu. Tun daga nan ba ta ɗaukar wayata. Sukarin azumi da na aika ya dawo yadda ya tafi, tare da saƙo: in dai ni ƙanenta ne, in zo in ci wakenta gaban mutanen da suka ga na ƙi shi. To wannan tafiya ta cin wake ce.

A tasha na yi alwala sau uku. Malaminmu ya ce ba ta karyewa sai an ji ƙara ko wari. Ni ƙara kullum ina jin ta, gane ta ciki ce ko ta waje shi ne aikin. Na roƙi kujerar bakin ƙofa, shofer ɗinmu, wato direba, wani dogon Bazabarme mai suna Modi, ya ba ni.

Birnin Gaure

Tun azahar ɗin jiya ban sa komai a baki ba, ina ganin cikin da babu komai ba shi da abin faɗa. Ashe yana da shi. Muna barin Yamai ya fara kugi.

Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin albasa. Da muka tsaya Birnin Gaure da hantsi ta sayi ƙosai mai zafi, ta barbaɗa yaji, ta miƙo mini. Na ce na gode.

"Ɗauki mana, Malam."

"Alhamdu lillahi, Hajiya."

Ta ja ledarta ta ɗaure fuska. "Ko kana tsammanin na sa wani abu ciki?"

Ga shi zan sake yin wata Yaya Hajo a mota. Na matsa kusa na raɗa mata, "Cikina ne, Hajiya. Ba ya shiri da wake."

"Af, zawo gare ka!" in ji ta, da muryar da take ciniki a kasuwa. "Shofer, bawan Allan nan zawo gare shi!"

Abin da na ɓoye wa dangina shekara da shekaru, mota guda ta ji shi kafin mu fita gari. Wani ya ce in jiƙa sabara, wata ta ce kanwa, wani tsoho a baya ya ce ƙanensa ma haka ya fara, Allah ya jiƙansa.

Dosso

A shingen shiga Dosso jandarma suka ce kowa ya sauka da katinsa na ɗan ƙasa. Ni ga gumi, ga hannu a ciki, ga riga ta ɗago gaba. Wani jandarma ya dube ni ya dubi cikin.

"Baba, me ka ɗaura nan?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"Ba komai ne ya yi tudu haka?" Ya sa yatsa ya danna. Cikin ya amsa masa da wata doguwar ƙara mai hawa da sauka, har abokin aikinsa ya waiwayo.

"Iska ce, ranka ya daɗe."

Ya miƙo mini katina da sauri ya ja da baya. "Tafi da ita can."

Bela da Malgoru

Daga Dosso hanya ta miƙa kudu, ramuka suka fara. Kowane rami a hanjina yake sauka. Kusa da Bela na ji abin ya zo wuya. Na ce, "Shofer, don girman Allah."

Modi ya ce yanzu ba a tsayawa cikin daji, in daure zuwa gari. Da muka shiga na dira da buta, na yi sallama a gidan farko, maigidan ya nuna mini bayan gida ba tambaya, Allah ya saka masa. Na tsuguna, na jira. Shiru. Abin da ya ce yanzu-yanzu ya fasa. Modi na ta danna oda, ni ina tunanin in na tashi zai dawo. Na fito Hajiya ta leƙo ta taga: "An samu?" Ƙarya ba kyau, na ce a'a.

Wannan gaskiyar ce ta cuce ni. Kafin Malgoru abin ya dawo, wannan karon ba wasa. Modi ya ce, "Baba, ka taɓa yi mana haka." Hajiya ta dubi fuskata ta ce, "Modi, ni ke zaune kusa da shi. Tsaya!" Ya tsaya bakin wata gonar dawa. Sai da na nemi gafarar mai gonar a zuciyata. Ruwan butar farko ya riga ya ƙare, buta ta biyu ta yi rana, a gaya wa Hadiza.

Gaya

Mun shiga Gaya bayan azahar, ta tsakanin manyan motocin da ke jere bakin hanya. Na hau kabu-kabu zuwa unguwar su Yaya, can wajen kogi, ina roƙon mai babur ya bi a hankali.

Ta san da zuwana. Na tarar da tabarmi a shimfiɗe ƙarƙashin mangwaro, ga surukanta, ga maƙwabta, kusan duk waɗanda suka ga abin bara. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango. Atamfar ko taɓa ta ba ta yi ba. Ta shiga madafa ta fito da babban akushi: shinkafa da wake, manja, soyayyar albasa, kifin kogi, yaji ja wur a sama.

Ta ajiye, ta wanke hannu, ta zauna gabana. "Tare za mu ci. In da abu a ciki, ya kashe mu mu biyu."

Na yi bisimilla na kai loma. Wallahi da daɗi, hannun Yaya bai canja ba. Ta kai, na kai. In na sassauta ta harare ni, in ta sassauta in ga kamar ni take jira. Ba wanda ya yarda ya fara tsame hannu har muka ga gindin akushi. Wani tsoho cikin surukanta ya ce, "To, magana ta mutu," aka shafa fatiha.

Ba a gama shafawa ba cikina ya ce ga ni. Na ɗauki buta na bi ta bayan ɗaki, ina tafiya irin ta mai natsuwa har na sha kwana, sannan na ruga. Ban daɗe da tsugunawa ba na ji gyaran murya bakin zana. Na mayar. Aka sake yi, da ƙarfi. Na sake mayarwa.

"Auta, fito!"

Shekara guda ban ji wannan suna ba. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ban gama ba."

"Ka gama ko kar ka gama, fito! Wake ba ya zama cikina."

"Ke ma?"

"Ni ma me?"

"Yaya, abin da ya hana ni ci bara ke nan. Kumburi, murɗa, yau zawo, gobe..."

"Gobe ya ƙi fita," ta ƙarasa mini. "Kai, amma an yi sakarai. Ciwon gidanmu ne! Baba da ka ga kullum yana zagaya bayan rumbu, ka ce hatsi yake dubawa? Rabona da wake tun kafin aurar da ɗiyata Rabi, baƙi kawai nake dafa wa. Ka sa na ci rabin akushi saboda kai!"

"Da kin gaya mini."

"Ni ce babba, ni zan fara? Fito, don ubanka!"

Uban namu ɗaya ne, amma ban tsaya gyara mata ba, na fito. Haka muka yini har magariba, in na fito ta shiga, in ta fito na shiga, muna miƙa wa juna buta. A tsakani muke hira. Ta tambayi Hadiza da yara ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe atamfar ta ce launin tsofaffi na zaɓo mata, ta kuma kai ta ɗaka ta adana. Baƙi suka watse da kansu.

Komawa

Na kwana biyu a Gaya, ni da Yaya kunun shinkafa muke sha da farin tuwo. Na gaya mata duk abin da likita ya ce, na kuma roƙe ta ita ma ta je a duba ta, don ba kowane ciwon ciki ne irin nawa ba. Ta ce za ta je in na daina damunta.

Ranar Alhamis na kamo hanya, na kuma faɗa motar Modi. Yana ganina ya buɗe mini ƙofar gaba da kansa ya ce, "Baba, buta nawa yau?" Sau ɗaya muka tsaya. Na iso gida bayan la'asar, ina ajiye jaka waya ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, ka sauka lafiya? Yau sau nawa?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Modi, da Hajiya mai albasa, da maigidan Bela wanda ban ko tambayi sunansa ba. Mai gonar Malgoru kuma, in wannan ta iso gare shi, ya yafe mini.