Sha Tara Bisa Ashirin

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma na auri malamin lakwal, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tun bayan samun 'yancin kai nake ganin maigidana a Filinge yana gyaran littattafan yara da jan alƙalami. A nan na koyi cewa ashirin ce ƙarshen maki, goma kuwa da kyar aka sha.

Shekarar da fari ya kama ƙasarmu ta Kurfai, kowa ya rame ban da malamai. Nawa ma ƙiba ya yi, don ina son mutumin, kuma da gishiri da man shanu nake nuna masa. Ga shayi mai sukari sau uku, ga gasasshen nama ranar kasuwa.

Wata rana likita ya zo lakwal ya ɗaura wa malamai wani ƙyalle a dantse, ya auna su. Maigida ya dawo fuska ba walwala. Na kira shi yadda yaran lakwal ke kiran malami, na ce, "Mushe, lahiya?"

Ya ce, "Awo anka yi muna. Sha tara na samu."

"Sauran fa?"

"Darakta sha huɗu."

Sai na rangaɗa guɗa! Mijina ya kayar da darakta, shugaban lakwal! Na sa aka yanka zabuwa, na zuba mai da gishiri ba tausayi. Da na ajiye kwanon na faɗa masa dalili, ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce, "Ke, wanga ba jarabawa ba ta. Tansiyo ne, hawan jini. Wanda yak kai ashirin, makara aka ɗauko mishi."

Na ji tsoro ƙwarai. Ashe da hannuna nake tura shi kabari.

Zabuwar maƙwabta suka ci. Daga ranar na janye gishiri, kuɗin nama ya koma hatsi ga makiyayan da shanunsu suka ƙare. Ya yi ta mita, wai miyata ta zama wankin kwano. Na ce ya sha ko ya bari. Na kuma kore shi daga kujera, kullum da yamma sai ya taka har bakin rijiya.

Bayan damina biyu ya dawo daga awon likita yana washe baki. "Na hwaɗi jarabawa, sha ukku!"

Ya ga jikokinsa har sun shiga lakwal kafin Allah ya karɓi abinsa. Yanzu jikokin ne ke mitar miyata ba gishiri. Na sha niyyar ƙarawa, hannun ne ya ƙi.