Mai Gadin Randa

Wata ranar Laraba cikin bazara, shekarar da na shiga aji biyar, na dawo daga makaranta na tarar Inna ta janye randarmu daga ƙofar ɗakin Baba ta kai ta bayan madafi. Ta zaunar da ni ta ce daga yau ni ce mai gadinta. Ƙodojin Baba sun daina aiki, ruwan da ya sha ba ya fita, a jikinsa yake taruwa, shi ya sa ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likita ya ƙayyade masa abin da zai sha a wuni, ɗan kaɗan a ƙaramin kofi.

Baba baduku ne a Ƙofar Marke, mutum mai kwarjini. In ya yi gyaran murya a zaure, ko 'yar carafke muke yi sai mu zubar da duwatsun mu nutsu. Yanzu kuwa ƙaninsa ke goya shi a babur zuwa wankin ƙoda, ya dawo a galabaice. An ce dashen ƙoda ya fi, amma a lokacin sai an yi tafiya mai nisa, mu kuma ba mu da hali.

Ran nan Inna ta tafi barka, ina tsince shinkafa a gindin darbejiya, sai na ji ya kira sunana a hankali. Na same shi kwance a tabarma, leɓɓansa sun tsage. Ya ce, "Ɗiyata, taimaka mini da rabin moɗa, ba sai Innarki ta ji ba." Ban taɓa ce masa a'a ba, ban kuma taɓa jin ya roƙi kowa ba. Na sunkuyar da kai, da ƙyar na ce likita ya hana. Ya ce, "Gaskiyarki," ya juya fuskarsa bango.

Kunya ta rufe ni kamar ni ce na yi roƙon. Ƙawayena suka leƙo mu tafi wasa, na ƙi fita. Kwana da kwanaki in na kai masa abinci sai in ajiye in juya da sauri, shi ma in yana son aike sai ya kira ƙanena.

Allah ya ja kwanansa har ya ga na gama sakandare, kuma likitansa ya sha faɗa wa Inna cewa kiyaye ruwan nan ya taimaka ƙwarai. Yau wuraren wankin ƙoda sun ƙaru, dashe ma a ƙasar nan ake yi. Maƙwabcinmu a unguwar Minanata, ƙanwarsa ta ba shi ƙoda, ya koma kasuwarsa. Duk sanda na gan shi zai fita, Baba nake tunawa.

Har mutuwa ta raba mu ba mu taɓa tayar da zancen ranar nan ba. Ina jin shi ma kunyata yake ji.