Kwalba Uku da Na Aika Gubuchi

Shekaru kaɗan da suka wuce ni ma'aikaci ne a wani shirin inshorar lafiya, ina aiki a ofishinmu na Ikara. An ɗora mini kula da magunguna masu tsada, irin waɗanda ba a samu a kyamis na bakin titi. Ni ke tabbatar da an sayo su da rahusa, sun kuma isa hannun masu su a Ikara da Makarfi da Kudan. Bakano ne ni, da sauran ƙuruciya a lokacin, kuma ina taƙama da cewa lissafina ba ya kuskure. Na rubuto muku ne a kan lokacin da lissafin ya fita daidai amma ya kusa kashe mutumin da nake ƙauna.

Cikin waɗanda nake kai wa magani akwai wani dattijo manomin rake a wani ƙauye da ke Gubuchi. Baba nake ce masa. Yana da ciwon hanta, likita ya ce ƙwaya ɗaya zai riƙa sha kullum, kuma kada ya kuskura ya yanke, domin ciwon kan taso da ƙarfi idan aka daina. Duk ƙarshen wata nakan hau babur ɗin ofis in kai masa kwalba ɗaya. Kafin in miƙa sabuwa sai na zazzage tsohuwar a tafin hannu na ƙirga abin da ya saura. Shi kuma yana gefe yana tsokanata, wai Bakano ko gonar gero aka tura shi gadi sai ya ƙirga tsuntsaye. Ni ma in rama, in ce ai saboda Zagezagi aka ƙirƙiro ƙirgar. Ban taɓa barin gidan ba sai da ƙullin mazarƙwaila daga hannun matarsa, Baba yana cewa cin hanci ne don in daina ƙirga masa magani.

Da man fetur ya yi tsada, aka ce kowa ya kawo shawarar rage kuɗin kai magani. Ni na kawo tawa: a riƙa aika na wata uku lokaci guda ta hannun asibitin ƙauye, sauran bibiya kuma a yi ta waya. Aka karɓa, aka yaba mini. Na haɗa kwalba uku na aika wa Baba, na ci gaba da kiransa. Mu gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da gona da iyali, in tambayi jiki ya ce da sauƙi, in tambayi magani ya ce yana nan. Sau ɗaya ya tambaye ni ko ƙaya ce ta tsiro a hanyar Gubuchi. Na yi dariya na kashe waya. Na manta cewa a wajenmu ko wanda ke kwance rai a hannun Allah aka gaida da jiki, da sauƙi zai ce.

Wata na uku bai ƙare ba ma'aikaciyar asibitin ƙauyen ta kira ni, ta ce an kawo Baba idanunsa sun yi ɗorawa, sun tura shi Zariya. Na same shi a gadon asibiti ya rame, cikinsa ya kumbura. Na tambaye shi kwalaben nan, sai ya juya fuska bango. Matarsa ce ta ja ni waje ta gaya mini. Ashe Baba yana da amini tun na yarinta, maƙwabcinsa, tare suke dafa mazarƙwaila. Ciwonsu ɗaya, amma shi ba ya cikin shirin, yana tafiya aka yi rajista. In ya sayar da rake ya sayi maganin, in babu ya haƙura. Ranar da kwalba uku suka iso aminin yana zaune a zauren Baba. Bai roƙa ba. Baba ne ya bi shi gida da kwalba ɗaya, daga baya ya ƙara masa da rabin wata. Nasa da ya saura ya riƙa sha yau ya tsallake gobe, har ya ƙare, ya yi makonni babu. Ta ce ya hana kowa faɗa mini, wai kada a yi wa ɗansa Bakano faɗa a ofis.

Da ya samu bakin magana, sai ya riƙe hannuna ya ce shi bai yi fushi da ni ba, amma in sani na ƙwace masa uzurinsa. Ya ce shekara da shekaru idan ya ga amininsa babu magani, yakan ce masa ai ka san Bakanon nan yana zuwa ya ƙirga, kuma su biyun su yi dariya a wuce wurin. Da na daina zuwa, kwalba uku a ɗaki, aboki ba shi da ko ƙwaya, da wane ido zai dube shi? 

Allah ya tashi kafaɗunsa bayan jinya mai tsawo, wadda ta ci wa shirin fiye da man da na yi tattali. Na je na faɗi gaskiya a ofis. Aka yi wa aminin rajista, aka komar da su wata-wata, sai dai yanzu ranar kasuwar Makarfi muke haɗuwa, tunda dama sukan shigo. Kwalba biyu nake ƙirgawa, tsofaffi biyu suna yi mini tsiya.

Abin da na koya shi ne zuwan nan da na ɗauka ɓarnar mai ce, rabin maganin ne. Ga 'yan'uwana masu irin aikina, kafin ku soke wata tafiya a takarda ku fara tambaya me take tsarewa, ku kuma tambayi wa ke kusa da majinyacin da yake fama da irin ciwonsa. Ga masu karɓar magani, don Allah kada ku raba shi da kowa komai ƙauna. Ku kawo mana sunan mutumin a nema masa nasa. In kuma kunya ta hana ku cewa a'a, ku ɗora mana laifin. Baba ya koya mini cewa ɗaukar wannan laifin ma yana cikin aikina.