Umma da Matar Bakin Taga

Shekarar da na haihu a Kuala Lumpur, Umma ta zo daga Kano yi mini wankan jego. Ko mayafi ba ta cire ba idonta ya faɗa kan hoton da na manna a bangon falonmu a unguwar Sri Petaling.

"Wannan fa? Har da kare?"

Kwafin wani tsohon zanen Turawa ne, irin wanda ake sassaƙawa a farantin tagulla, a shafa tawada, a danna a takarda. A kansa nake rubuta digirina na uku. Mace ce tsaye a bakin taga ta ba mu baya, kare kwance a ƙafarta, can nesa jirgin ruwa.

Umma ta ce ba za ta yi salla a falon ba sai an sauke shi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sosa mini rai shi ne da ta ce, "Ashe kallon kare ya raba ni da ke shekara da shekaru."

Na sauke shi, amma ban haƙura ba, don taurin kan nan a wurinta na gada. Washegari maigidana ya sayo mana ƙunshin roti, gurasar can, daga shagon abincin da ake kira mamak, muna ci na shimfiɗa hoton a tabarma. Na ce a wurin mutanen wancan zamanin kare alamar riƙon amana ne.

"Duk dabbobin Allah su rasa mai amana sai kare? To ita kuma me ya sa ta juya wa mutane baya? Ba tarbiyya?"

Na yi dariya har ɗinkina ya motsa. Na ce da gangan aka ɓoye fuskarta, don duk mai kallo ya tsaya a matsayinta. Jirgin kuma ya tafi da wani nata, lokacin da talauci ke kora 'ya'yan mutane ƙetare.

Umma ta ajiye rotin. Ta rufe karen da tafin hannunta, ta daɗe tana kallon sauran.

Ranar da za ta koma, na tarar da hoton a akwatinta, an naɗe gefen karen ciki. Daɗi ya kama ni, na ce, "Umma, sata?"

"Yaushe aka zana ta?"

"An fi shekara ɗari biyu."

"Kuma har yau jirgin bai juyo ba?" Ta ja zif ɗin akwatin. "To ni ba ni da haƙurinta. Ki gama ki dawo gida."