Tsagar da Na Ƙi Liƙewa

Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da mutanen unguwarmu a Fagge suka yanke cewa kaina da motsi. Hujjarsu ita ce ƙato kamata, gemu ya fara tsirowa, yana zaune yana ƙera motar wasa. Ban tsaya musu da kowa ba, ban kuma fasa ba.

Sana'ata ƙirar gwangwani ce. Nakan samo garwar kananzir da aka gama da ita, in yanka, in fitar da fitila aci-balbal da mazurari da ludayin awon mai. Rumfar da nake aiki ta kawuna ce, yayan mahaifiyata, a jikin katangar gidansa take, bakin hanyar da ke miƙewa Sabon Gari. Tun rasuwar mahaifina ya ce in zauna a cikinta. Bai taɓa neman komai a hannuna ba, amma kuma bai taɓa bari na manta rumfar wa ce ba. Da ita nake ci, da ita Inna take ci.

Kawu yana da babbar mota guda ɗaya mai bodin katako, tana kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa inda ake tara buhuna kusa da tashar jirgi. Direbanta mutumin gabas ne, Kirista, a Sabon Gari yake zaune da iyalinsa, kuma ya fi ni iya zagi da Hausa. Ran Lahadi yana coci, motar tana hutawa a ƙofar gidansa. Ranar nake zuwa da zarena in auna ta. Duk kamu ɗaya na motar in ƙulla zaren, in na dawo rumfa in mayar da shi faɗin yatsa biyu. Haka na fitar da 'yar motata, tsawonta bai fi hannuna ba.

Yaran gari suna yin motar kara, kowa ya sani, su ja ta kwana biyu ta wargaje. Tawa ba irin wannan ba ce, kuma nakan ji haushi idan aka haɗa su. Ƙofofinta suna buɗewa. Tayoyin daga tsohuwar taya na yanko su da aska, na zana musu zane, ban da ta baya ta hagu wadda na bari sumul, tunda haka ta gasken take. Gilashin daga fasasshen gilashin fitilar ƙwai na goge shi a kan dutse har sai da yatsuna suka yi jini. Na ɗinka buhuna kamar babban yatsa na cika su da gero. Da na gama fenti sai na ga ta yi kyau fiye da kima, kamar ba ta taɓa taka hanyar ƙauye ba, sai na kwaɓa jar ƙasa da ƙaro na fesa mata da tsinken tsintsiya. Maƙwabtana suka ce yanzu kam an tabbatar, mutum ya yi wata uku yana gyara abu sannan ya watsa masa taɓo.

Wata Lahadi ina kwance a ƙarƙashin motar na ga tsaga a jikin dogon ƙarfen da ke ɗauke da bodi, daidai saman tayar baya. An taɓa yi mata walda, ta sake buɗewa. Da direban ya dawo na nuna masa, ya ce sau uku yana gaya wa Kawu, sau uku ana ce masa ya lallaɓa. Ni dai na koma rumfa na kifa 'yar motata, na wasa bakin allura, na tsaga ƙarfenta a daidai wurin, har da ɗan tudun tsohuwar waldar. Ban yi don in tona asirin kowa ba. Na gani a can, shi ya sa na sa a nan.

Bayan kakar gyaɗa Kawu ya ɗaga motar zai sayar. A lokacin akwai abin da masu mota ke yi in za su rabu da tsohuwa: a kwaɓa baƙin mai da ƙasa, a shafe ƙarƙashinta kaf, a bi da ita hanya mai gargada kwana biyu, har shafen ya bushe ya zama kamar dattin shekaru. Ba a ɗauke shi wani babban laifi ba, mai saye ma ya sani, in yana da wayo ya zo da makanike da ƙusa ya kankare. An yi wa motar Kawu wannan kwalliya, tsagar ta ɓace. Mai sayen kuwa wani Alhaji ne Bayarabe, ɗan kasuwar goro da atamfa, nan Fagge yake zaune, kusan kullum sai ya wuce ta gaban rumfata, kuma yana son tsayawa ya kalli 'yar motar da ke kan benci.

Ban san wanda ya kai wa Kawu labari ba. Ran Litinin bayan la'asar sai ga shi, shi da bai taɓa kallon 'yar motar nan ba sai da harara. Ya ɗauke ta, ya kifa, buhunan suka zube, ya daɗe yana duba.

Ya ce, "Ka ɗiga mata dalma a nan."

Na ce, "Kawu, an gyara ta gasken?"

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ranar da aka gyara waccan, zan gyara wannan. Kafin nan haka za ta zauna."

Ya ajiye ta a hankali, ya ce ya ba ni zuwa Juma'a. Ko in liƙe, ko in nemi wata rumfar.

Kwana huɗun nan na sha wa'azi. Tela ya zo, mai shayi ya zo, har limamin ƙofar gida ya aiko a kira ni. Duk magana ɗaya ce: ɗigon dalma da bai kai ƙwayar gero ba, a kansa zan zubar da abincina da na uwata? Wani ya ce in ɓoye ta a ɗaki har a gama ciniki. Wannan ta fi ɓata mini rai, don ni ban saci komai ba balle in ɓoye. Kuma kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne ya cika ni, ko tausayin Alhajin. Da tausayinsa ne da na je na gaya masa, ban kuwa je ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wannan: duk abin da nake ƙerawa na mutane ne, mai fitila ya ce ƙara tsawo in ƙara, mai mazurari ya ce rage baki in rage. Abu ɗaya ne a duniya na yi yadda idona ya gani ba yadda aka ce ba, shi ne kuma ake so in sa ya yi ƙarya. Kullum ƙarfen liƙi yana cikin garwashi a gabana, na liƙe fitilu da shi har ranar Alhamis, ban kai shi kusa da motar ba.

Ran Juma'a da hantsi na ɗauko amalanke na fara loda almakashi da guduma da sauran garewani. Ina cikin haka Alhajin ya zo wucewa. Ya tsaya, ya ɗauki motar kamar yadda ya saba, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya matsa buhu ɗaya ya yi dariya. Kawu yana tsaye a bakin zaure, ko ƙiftawa ba ya yi. Alhajin ya yaba taɓon da ke jikinta, ya ajiye, ya yi mana sallama. Bai kifa ta ba. Kawu ya dube ni, na dube shi, na ci gaba da lodi.

An sayar da motar a makon. Ni kuma na koma gindin wata cediya kusa da tashar mota a Sabon Gari, inda direban nan ya roƙa mini wuri. Rana ta dake ni, damina ta zo ta jiƙa mini garwashi, ciniki ya ragu, ban koma na ba da haƙuri ba.

Abin da ban hango ba shi ne Inna. Kawu yakan shigo gaishe ta duk Juma'a bayan masallaci, su zauna su yi ta hirar iyayensu, su biyu kaɗai suka rage. Ya ɗauke ƙafa. Juma'a uku tana shimfiɗa tabarma tana naɗewa. A ta huɗu ta ce in kawo mata motar. Idonta ya riga ya yi rauni, sai na kifa mata ita a cinya, na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta bi da farce sau biyu kafin ta ji ta.

Ta ce, "Wannan 'yar abar ce ta raba ni da ɗan'uwana?"

Na ce, "Ita ce, Inna."

"Kuma haka take a jikin ta gasken?"

"Haka take."

Ta miƙo mini ita. Ta ce in an yi sallar la'asar in zo in raka ta gidansa, ita za ta je tunda shi ba zai zo ba, amma in tsaya a waje.