Dunƙulen Yumɓun da Malam Nitai Ya Bari

Malam Nitai Karmakar bai iya zama ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya riga ya iso bayan makarantarmu a nan Dhamrai, ya tattare wando, yana kwaɓa yumɓun kogi da ƙaiƙayin shinkafa. Shayinsa kullum sai ya huce yake tunawa da shi, a tsaye kuma yake kurɓa.

Zubin tagulla yake koya wa 'yan ƙaramar sakandare, yadda ya gada wurin kakanni. Yaro ya ƙera giwa ko kifi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, a shanya. Ranar da aka hura wuta a murhun bayan makaranta kakin ya narke ya fita, narkakkiyar tagulla ta maye gurbinsa. Ba a sanin abin da ya fito sai an fasa yumɓun, kuma Malam bai taɓa fasa wa yaro nasa ba. Da idona na ga wata ɗaliba, Tumpa, riƙe da guduma tana ta juya dunƙulenta.

"Malam, in ta fito da ƙafa uku fa?"

"Sai ki ce gurguwar giwa kika yi niyya. Buga, 'yar nan, ba kan kakarki ba ne."

Kai ne, Malam, ka koya wa yaranmu cewa mai tsoron fasawa ba ya ganin aikin hannunsa.

Bana ritayarsa ta zo. Shugaban makaranta ya ce da zarar Malam ya tafi za a rushe murhun a yi rumfar kekuna. Ba mugunta ba ce, babu malamin da ya yarda ya gaji wutar. Malam ya yi ta sintiri tsakanin ofis da murhu, ya rame, ba a canza magana ba. Wallahi na tausaya masa.

Ashe da sauran dabara. A makonsa na ƙarshe ya sa 'yan aji bakwai kowa ya ƙera abin da ransa ke so, aka lulluɓe, aka jera a kan kanta. Bai hura wuta ba, ya yi mana sallama.

"Malam, yaushe za a zuba?" in ji yaran.

"Ku tambayi shugaba. Ni yanzu ɗan fansho ne."

Yaron da ya san kifinsa na cikin yumɓu ai ba ya barin kowa ya huta. Safe suna ƙofar ofis, rana suna ƙofar ofis. Iyaye suka shiga kawo fasassun kwanukan tagulla a narka. Shugaba ya dafe kai ya ce, "Dattijon nan ya bar mini jangwam." Daga ƙarshe Malama Shirin mai koyar da kimiyya ta ce za ta gwada.

Mun gode, gwanin wuta, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu sana'a a hannu, kada ku tafi da ita gida, ku bar wa na baya abin da zai hana su barci.

Alhamis da ta wuce hayaƙi ya tashi a bayan makaranta. Malama Shirin na zuga wuta tana zufa, yara sun yi layi da gudumominsu. Can bayan shinge kuwa ga ɗan fansho yana kai da kawowa, yana ɗaga murya: "A hankali, Malama, ba shinkafa kike dafawa ba!"