Lambar Jamus da ba suna a jikinta

Na dawo unguwarmu Misfala a Makka daga aikin sa-kai na Hajji a Arfa, ƙafafuna sun kumbura saboda tura kekunan marasa lafiya. Na tarar da Kawu Sale yana goge wata tsohuwar lambar yabo. Tara irin waɗannan lambobi yake yi yana bin tarihinsu. Wannan ta Jamus ce, irin wadda ake ba masu jinyar sa-kai lokacin yaƙi.

Na ce, "Kawu, wa aka ba?"

Ya ce, "Wallahi na gaji da nema, 'yata. Ba suna a jikinta, a gwanjo aka tsinto min ita."

Na zube a ƙasa, ko takalmi ban cire ba.

Ku da kuka taɓa aikin sa-kai, me ke mayar da ku kowace shekara? Ni dai yau ba ni da amsa.